Jirgin Suya da Idon Ƙanena

Mu biyu mahaifinmu ya bari maza, Allah Ya jiƙansa. Ni aka zaunar a gaban allo, ƙanena kuma aka ba shi wuƙa. Ba wanda ya yi gardama a kan wannan rabo, domin gidanmu gidan mahauta ne tun kakanmu da ya biyo shanu har Duwala, kuma dole wani ya riƙe wutar. Ƙanena ya riƙe ta tun bai yi gemu ba har gemun ya fara furfura.

Wurinsa yana bakin hanya a unguwar New Bell, ƙarƙashin wata rumfar kwano, kusa da teburin mai shayi. Rabin duro ne a kan ƙafafu, ragar ƙarfe a sama, garwashi a ƙasa, shi kuma a sunkuye a kai daga La'asar har a watse. Mutumin unguwarmu ba ya aika baki kawai ya sayi nama. Zai tsaya, ya nuna da yatsa, ya ce wancan mai kitsen. A yanko masa ɗanɗano a bakin wuƙa, ya dangwala a yaji, ya tauna yana kallon sama kamar alƙali, sannan ya ce a sa masa. Yana tsaye za a mayar a wuta, a juya, a yanka, a naɗe a takarda da albasa. Har 'yan Kudu da ba sa jin Hausa sun san wannan haƙƙi nasu ne. Daga nesa za ka ji suna cewa, "Magida, gute!" suna miƙo hannu, wato maigida, a ba su ɗanɗano.

Idon ƙanena ya fara ne da ja. Mai suya da jan ido ba labari ba ne, don haka ba mu kula ba. Daga baya ya zama ruwa ba ya tsayawa, hannun rigarsa kullum a jiƙe. Matarsa ta gwada kwalli, ni na yi masa rubutu da tofi. Ranar da ya miƙa wa mai shayi hannu ya kama iska, na ce mu tafi asibiti.

Likitar ta daɗe tana haska masa fitila. Ta yi bayani da Faransanci mai tsawo, amma ƙarshensa gajere ne: fatar idon ta ji rauni, magani zai taimaka, sai dai in ya ci gaba da sa fuskarsa a hayaƙi da zafi, ganin zai tafi, kuma ba zai dawo ba.

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka tsallaka kwatar bakin unguwa ya ce, "Yaya, in na bar wuta in ci me? Ko in zo in zauna kusa da kai ka yanka mini allo?"

Na ce, "Allon ma sai da ido."

Ya yi dariya, ruwa yana zubo masa. Ban san wanne ne na dariyar ba, wanne ne na ciwon.

Ana cikin haka wani maƙwabcinmu da yake gadi a wani gida a Bonapriso, unguwar masu kuɗi, ya zo da labari. Baturen gidan ya koma ƙasarsu, ya bar wani abin gashi a bayan gida, ruwan sama yana ta dukansa, an ce a nemi mai saye ko a ba masu ƙarfe. Muka je muka gani, muka daidaita, muka ɗoro shi a amalanke. Hanya mai tsawo ce da turi, 'yan bensikin masu haya da babur suna ta yi mana hon suna zagi.

Ban taɓa ganin irinsa ba. Doguwar ganga ce a kwance, da murfi mai mariƙin katako. A gefe ɗaya, ƙasa-ƙasa, an manna mata ƙaramin akwati mai ƙofa. A ɗaya gefen bututu ya miƙe sama. Da muka sauke shi, mai shayi ya fito da ludayi a hannu, ya zaga shi, ya ce, "To, Alhamdu lillahi, jirgin ƙasa ya iso New Bell. Ku ajiye mini kujerar taga, zan sauka a Ngaundere." Daga ranar sunansa jirgi.

Maigadin ya nuna mana yadda ya ga ana yi. A ƙaramin akwatin ake hura wuta. Nama yana cikin doguwar gangar, a rufe, wuta ba ta taɓa shi. Zafi da hayaƙi ne suke ratsawa ta kansa su fice ta bututun. Ƙanena ya bi hanyar da tafin hannunsa, daga akwati zuwa ganga, daga ganga zuwa bututu, har inda hannunsa ya kai. Ya juyo ya ce, "Yaya, ta sama zai fita. Ba ta fuskata ba."

Ni kuwa abin da na gani da na ɗaga murfin shi ya tsaya mini a rai. Baƙin maiƙo ne ya daskare a ciki, kauri kamar kwalta. Na tambayi maigadin me mutumin yake gasawa. Ya ce, "Malam, ni ƙofa aka ba ni tsaro, ba tukunya ba." Amsar ta ishe ni.

Na tafi wurin limamin unguwa, dattijo ne da muka yi karatu a zaure ɗaya, ya riga ni nisa. Ya ce ƙarfe ba kasko ba ne, ba ya shan abin da aka zuba masa. A kankare, a wanke da ruwa mai tsarki har launi da wari su gushe, shi ke nan ya tsarkaka. Na san hukuncin, amma na so in ji daga bakinsa.

Mun yi fiye da yadda ya ce. Muka jefar da tsofaffin ragogin gaba ɗaya. Muka cika cikin da itace muka banka wuta har ƙarfen ya yi fari. Muka kankare, muka goge da yashi da toka, muka bi da sabulu, muka yi ta kwara ruwa. Kuma a ƙofar gida muka yi, da rana tsaka, da gangan, don duk mai wucewa ya zama shaida. Mutane suka tsaya suna kallo, suna cewa sannunku da aiki. A lokacin mun ɗauka tsarkin suke gani.

Gyaran ya faɗa hannun wani mai walda ɗan ƙabilar Bamileke da ke bayan kasuwa, mutum mai fara'a, Hausarsa rabi Faransanci rabi Pijin. Iskar Duwala ba ta barin ƙarfe, tsatsa ta cinye gindin akwatin wutar har ana ganin ƙasa ta ciki. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya liƙa farantin ƙarfe mai kauri. Ya sa masa ƙafafun amalanke. Ya ƙera sababbin ragogi. Abin da ƙanena ya fi matsa masa a kai shi ne bututun. Ya ce a ƙara masa tsawo har ya huda kwanon rumfa ya fita. Mai walda ya ce, "Magida, kana so hayaƙi ya je Aljanna kafin kai?" Ƙanena ya ce, "Ya je ko'ina, ban da idona."

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Naman da ke kusa da wuta ya ƙone, na can ƙarshe ko ɗumi bai yi ba. Aka koma wurin mai walda, ya shimfiɗa wani faranti mai huji-huji a ƙarƙashin raga, ƙanana kusa da wuta, manya a nesa, don zafin ya rarrabu. Murfin yana yoyon hayaƙi ta baki, aka yi masa leɓe na ƙarfe ya zauna daram. Sai kuma itace. Damina ce, kowane itace a jiƙe yake, hayaƙinsa fari mai kauri, nama ya fito da ɗaci. Matar ƙanena ta kwashe kayan ɗakin girki ta jera itacen mangwaro da na goba a ciki don su bushe, ita kuma ta koma dafa abinci a ƙarƙashin baranda, tana gudun feshin ruwa. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Sannu a hankali ƙanena ya gane halin jirgin. Ya kan ɗora bayan hannu a kan murfi ya san ko a ƙara itace ko a rage ƙofar iska. In hayaƙin bututu ya yi siriri har da ƙyar ake ganinsa, to wuta ta yi daidai. Da hantsi yake sa nama, sai La'asar ya buɗe. Wallahi ban taɓa cin nama irin wannan ba. Gwaggonmu da ba ta da haƙori ko ɗaya ta ci, ta suɗe yatsu, ta sa masa albarka.

Idon kuma ya lafa. Jan ya ragu, ruwan ya tsaya. Wata safiya bayan Asuba na waiwaya a masallaci na gan shi da Alƙur'ani a buɗe, yana bin layi da yatsa, abin da ya daɗe bai yi ba. Na mayar da kaina ƙasa na yi ta godiya. Wannan lokacin gajere ne, shi ya sa nake yawan komawa gare shi.

Matsalar farko ita ce babu abin nunawa da yatsa. Mutum zai zo ya tsaya, ya ga baƙin ƙarfe a rufe da ƙanena a zaune a gefe da tsabtatacciyar riga. Ya ce, "Yau ba ka yi ba ne?" A ce yana ciki. Ya ce a buɗe ya gani. In an buɗe zafi ya gudu, in an ƙi buɗewa fuska ta canza. Ƙamshin da yake kiran mutane daga bakin titi shi ma ya bi bututu ya tafi sama.

Ta biyu ita ce launi. Naman jirgi in an yanka shi, ƙarƙashin ɓawon akwai wani jan layi da ya kewaye shi, ja mai haske kamar cikin goba. Ba jini ba ne, naman ya nuna har yana rabuwa da ƙashi. Hayaƙin ne yake barin wannan alama, ko kaza aka sa haka take fitowa. Mu a gida mun saba. Amma mutanenmu sun san gasasshen nama da launi ɗaya ne tun daga waje har ciki.

Abin ya fashe ne a sunan jikan wani Alhaji, babban mutum a unguwa, haifaffen nan, ya yi aikin ofis har ya huta, Faransanci ya fi zama a bakinsa. Tun zamanin mahaifinmu gidanmu ne yake gasa musu ragon suna. Liman da kansa ya yanka ragon da safe a gaban kowa. Ƙanena ya sa shi a jirgi, ya yini a kansa. Da yamma aka kawo a babban tire, ana ta yaba ƙamshi. Ya sa wuƙa ya buɗe cinya, jan layin ya bayyana.

Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Wannan bai nuna ba."

Ƙanena ya ce, "Baba, taɓa ka ji. Ya nuna har ya gaji."

Sai wani daga cikin surukan gidan, mai aiki a wani kanti a Bonapriso, ya ce, ba da ƙarfi ba, "Launin nan dai na san inda nake ganinsa. Irin wanda muke yanka wa Turawa siriri-siriri ne." Bai ambaci sunan dabbar ba. Ba sai ya ambata ba.

Daga bayan rumfa wata murya ta ce, "Af, ba a ƙarfen nan da aka yini ana wankewa aka gasa shi ba? Me aka wanke?"

Hannayen da suka miƙo suka koma cinya. Liman, Allah Ya saka masa da alheri, ya matso, ya yi Bismillah da ƙarfi, ya yagi tsoka ya ci, ya ce da hannunsa ya yanka ragon nan, ƙarfen kuma shi ya ba da hukuncinsa. Na bi bayansa na ci. Mutane suka ce haka ne, Malam, gaskiya ne, Malam. Amma ba wanda ya ƙara miƙa hannu. Tiren da aka shiga da shi wurin mata ya fito yadda ya shiga.

Alhaji ya dafa kafaɗar ƙanena ya ce, "Sa va, sa va, ba komai. A ɗan mayar da shi a wuta irin ta da, hankalin mutane ya kwanta." Aka aro rabin duro, aka hura gawayi a tsakar gida. Na tsaya ina kallon ƙanena a sunkuye cikin hayaƙin kitse, yana ƙona naman da ya riga ya nuna, har ya bushe ya yi baƙi. Sannan aka ci, aka ce yanzu ne ya yi.

Ba wanda ya taɓa cewa haram a gabanmu. Da an faɗa da mun sami abin amsawa. Gaisuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. Mutum zai tsaya ya tambayi iyali, ya tambayi ido, ya yi addu'a, sannan ya wuce ya sayi nama a gaba. Sunaye da walimomi suka koma wani wuri. 'Yan Kudu kuwa naman ya yi musu, har daga wasu unguwanni ake zuwa da mota. Wannan ya ƙara lalata abin, domin yanzu masu wucewa masallaci suna ganin su waye a layi.

Wata rana na shiga gidan ƙanena na tarar suna magana da matarsa. Ta ce, "Yaya, gara da ka zo, ka yi masa magana. Wai zai kai jirgi a yanke."

Na ce, "A yanke me?"

Ya ce, "Murfin. A cire farantin, a zuba garwashi a cikin gangar, nama a sama, kowa ya gani."

Na ce, "Wato rabin duro."

Ya ce, "Rabin duro mai taya."

Ta juya ga mijinta ta ce, "Malam, masu saye suna saye. Abinci bai yanke a gidan nan ba. Wanda ya ƙi ci don kansa. Ni idonka nake so, ba yabon mutane ba."

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Ya ce, "Jiya jikar Gwaggo ta zo wucewa, na yanka mata ɗanɗano. Ta karɓa ta gode. Da ta sha kwana na ga ta jefa wa kare. Jininmu ke nan." Ya juyo gare ni. "Yaya, wutar Baba ce. A kanta ba a taɓa tambayar me aka gasa ba. Ni ne zan zama wanda aka fara tambaya?"

Na kawo masa duk abin da na sani. Na ce jiki amana ne, ido ba nasa ba ne da zai bayar. Na ce zato zunubin mai yinsa ne. Na ce ya yi haƙuri shekara ɗaya, mutane za su saba, liman zai yi magana a masallaci. Ya saurare ni har ƙarshe kamar yadda ya saba, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Duk gaskiya ka faɗa. Amma kai in ka shiga sahu ba wanda yake tunanin abin da hannunka ya taɓa."

Har yau ina neman amsar wannan.

Na raka shi wurin mai walda, domin ban ga amfanin barinsa ya tura shi kaɗai ba. Mutumin ya ajiye abin da yake yi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Magida, ni na tashe shi da hannuna, yanzu ka ce in kashe? Dokta ya ce me?" Ƙanena ya ce, "Dokta ba ta cin suya a New Bell." Mai walda ya girgiza kai, ya ja baƙin gilashinsa ya rufe fuska. Bai ƙara wasa ba har ya gama. Murfin ya faɗi ƙasa da ƙara. Bututun ya ce ba zai taɓa ba, in muna so mu nemi wani. Aka bar shi.

Mutane suka dawo, ba a ɗauki lokaci ba. Suka tsaya, suka nuna da yatsa, suka karɓi ɗanɗano a bakin wuƙa. Dattijon nan na wurin suna ya tauna ya ce, "Yauwa, yanzu ka dawo hanyar ubanka." Alhaji ya aiko da ragon walima. Ƙanena ya yi ta fara'a, ruwa yana bin kumatunsa yana shiga gemu.

Mun ci gaba da zuwa asibiti. Likitar ta daina yi masa faɗa, ni take kallo. Na sayo masa gilashi irin na masu babur, ya sa kwana kaɗan ya cire, ya ce gumi yana rufe shi, kuma yana tsorata masu saye. Idon hagu ya riga tafiya. Na dama yanzu haske da duhu yake rarrabewa, da inuwar mutum in ya matso. Yana nan a bakin wutar. Da murya yake gane masu saye, da yatsa yake gane naman da ya nuna, wuƙar kuwa hannunsa ya haddace ta. Da yawa cikin masu zuwa ba su ma sani ba. In an nuna da yatsa an ce wancan, sai ya ce, "Wanne, mai kitsen ko na kusa da shi?" har mutum ya faɗa da baki.

Bututun yana nan ya huda kwano, ba abin da yake bi ta cikinsa sai ruwan sama.

Murfin ban bari an kai wa masu ƙarfe ba. Na sa mai walda ya buge shi ya miƙe, na shimfiɗa a kan kwatar ƙofar gidan ƙanena, inda katakon da ke wurin ya ruɓe, domin ya taɓa zurma ƙafa a ciki. Kullum ni nake biya masa mu tafi sallah, hannunsa a kafaɗata. In mun dawo ba na ce masa mun iso. Yana taka ƙarfen zai ji amonsa a ƙarƙashin takalmi, ya sauke hannu ya ce, "To Yaya, na gane, sai anjima." Ni kuma in tsaya har ya lalubi ƙofa ya shiga, ina roƙon Allah Ya bar masa ɗan hasken da ya rage.